Kunnuwan Baba Fita

Mijin yayata Gershon ba ya ji. Na faɗa, kuma hankalina kwance, domin ko yana tsaye a bayana ba zai san na faɗa ba. Ni ce Doreen, ƙanwar matarsa Yemima. Ina aji uku na firamare aka kai ta gidansa, kuma tun ranar na samu izinin tsokanarsa har abada. Yana ce mini Amarya, ina ce masa Tsohon Ƙarfe. Sauran mutanen Kafanchan kuwa Baba Fita suke ce masa, har da jikokinsa.

A wani ƙauye kusa da Fadan Kaje aka haife shi, gidan manoman citta. Ubansa ya so ya riƙe garma, shi kuwa tun yana ƙarami duk abin da ke da noti sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Yana da shekara goma sha tara ya zo Kafanchan ya shiga reluwe, ya yi shekara talatin da biyu yana aikin fita, wato makanikin injuna. Ranar aurensu ya iso coci a makare, da baƙin mai a hannun kwat ɗin da ya aro, saboda motar 'yan biki ta mutu a hanya, kuma direban, in ji shi, bai san yadda ake magana da inji ba. Yayata ta sa masa zobe a yatsa mai warin dizal. Fasto ya yi atishawa sau biyu kafin ya sa musu albarka.

Da ya yi ritaya, mu muka shiga uku. Ya kwance keken ɗinkin yayata sau biyu alhali lafiyarsa ƙalau. Ya zo gidana gaisuwa, kafin in kawo kunu ya sauke agogon bango ya baje hanjinsa a kan tebur. Fasto ma sai da ya riƙa ɓoye makullin janareton coci a aljihu. Yemima ta kai kuka gaban Zumuntar Mata ta cocinmu, ta ce a taya ta addu'a Ubangiji ya aiko wa mijinta inji, kowane iri ne, in dai ba nata ba ne. Matan suka yi dariya har da riƙe ciki, amma sun yi addu'ar.

Amsar ta zo ta hanyar da ba wanda ya so. Wata shekara, cikin zafin Maris, mutum biyu suka shiga yasar wata rijiya mai zurfi a bayan gari, muguwar iskar da ke kwance a ƙasa ta kashe su kafin a jawo igiya. Bayan wata shida wata ƙungiyar agaji ta kawo wa masu yasar rijiya kwamfuresa, injin da ke matsa iska mai tsabta cikin tukwanen ƙarfe. Mai shiga rijiya sai ya goya tukunya a baya, ya rufe fuska da abin shaƙa, ya sauka da iskarsa. Aka tambaya wa zai kula da injin. Kafin a rufe baki Gershon ya riga ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinsa.

Aka kafa wa injin rumfar kwano a bayan gidansu, mutumin nan ya koma saurayi. Kowace safiya sai ya goge shi da tsohuwar singileti. Ya hana shan taba kusa da inda injin ke zuƙar iska, ya hana toya ƙosai, ya ƙulla gaba da awakin unguwa. Duk wanda ya yi kuskuren tsayawa kuwa sai ya sha lacca. Injin mataki uku ne. Na farko ya matsa iska ya miƙa wa na biyu, na biyu ya ƙara matsawa ya miƙa wa na uku, na uku ya tura ta cikin tukunya har hannun agogon da ke auna ƙarfinta ya kai ɗari uku. Kowane mataki yana da ɗan bawul na tsaro, wani ƙarfe da bai fi babban yatsa ba, wanda in iska ta wuce kima zai buɗe ya sake ta don kada bututu ya fashe. Na haddace laccar nan ba da son raina ba, ko daga barci aka tashe ni zan iya karanto ta.

Matsala ɗaya ce, kunnen ya tafi. A hankali ya tafi, shekarun guduma da na tsufa suka haɗu suka cinye shi. In kana gabansa yana kallon bakinka, zai gane maganarka. Ƙugin inji kuma yana jin sa a tafin ƙafa da ƙirji. Amma siririn sauti, irin tsss na iska mai zurara, ko tsuwar bel ɗin da ke juya inji, wannan ya wuce shi. A wurinsa kuwa fita marar kunne ba fita ba ne. Ya riga ya yanke a ransa cewa ranar da ƙungiyar agajin ta sani, ranar za a loda injin a mota a kai Kauru, inda masu yasar rijiyar can suka daɗe suna roƙonsa, shi kuma ya koma zaman jiran abinci. Wannan tsoron ne ya fi komai hana shi sukuni.

Sai yayata ta zama kunnensa. Ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta ajiye taku biyu daga injin, ta ce wai nan ne inuwa ta fi daɗi. Duk lokacin da za a cika tukunya tana nan zaune, tana ɓarar gyaɗa ko tsintar acca. In ta ji tsss sai ta gyara ɗankwali. In bel ya yi tsuwa sai ta sosa gwiwa. In ƙarfe yana bugun ƙarfe sai ta miƙe tsaye kamar za ta duba miya. Shi kuwa gogan sai ya karkata kai, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ku yi shiru! Ina jin wani abu." Mazan su kalli juna su ce kai, kunnen Baba sai shi. Shekara tara ana wannan wasa, kuma ni kaɗai yayata ta gaya wa.

Bana, farkon Maris, 'yarsu Miriyam ta haihu a Sabon Tasha, can Kaduna, haihuwar fari, kuma da tiyata. Dole uwa ta je. A makon ne kuma aka aiko cewa Injiniya Catherine, wadda ƙungiyar agajin ke turowa duba injin sau ɗaya a shekara, za ta zo ranar Juma'a. Yemima ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta koya mini alamomin sau uku.

"Ɗankwali, gwiwa, tsayuwa," in ji ta. "Doreen, kai malama ne, kar ka ba ni kunya."

Na ce ta tafi abinta. Ni da na riƙe aji mai yara saba'in shekara da shekaru, inji ɗaya ne zai gagare ni?

Ranar Litinin na hau kujera. Ba wanda ya gaya mini cewa tururuwa ma suna son inuwar nan. Na sosa gwiwa. Gershon ya ɗaga yatsa, ya kashe inji, ya yi rabin awa yana duba bel ɗin da ba abin da ya same shi. Ranar Talata zafi ya yi zafi, ɗankwalina mai santsi ne, ya zame sau huɗu, sau huɗu aka kashe inji. A na huɗun ya matso kusa da ni ya yi raɗa, wato abin da shi yake ganin raɗa ce, har maƙwabta sun ji.

"Amarya, in ƙaiƙayi ne ka je ka yi wanka."

Ranar Laraba na yi laifin da har yau nake jin kunyarsa. Tela ya aiko cewa in ban je an gwada ankon bikin ɗan maƙwabciyata ba, to in kuka da kaina. Na ce minti goma ne. A shagon na tarar da Roseline, tsohuwar abokiyar aikina, ɗauke da labarin wani dikon, dattijon coci, da ya rina furfurarsa da shuni, ruwan sama na bazata ya tona masa asiri a gaban coci. Wa zai tashi ya bar wannan? Minti goma ya zama awa biyu.

A cikin awa biyun nan bawul na mataki na biyu ya fara huci. Asher, shugaban masu yasar rijiya, magidanci mai 'ya'ya biyar da furfura a gemu, ya ji. Francis, abokin aikinsa mai riƙe igiya, ya ji. Duk wanda ke rumfar ya ji. Gershon yana tsaye kusa da bawul ɗin, ya harɗe hannu yana murmushi. Da ya ga hannun babban agogo ya tsaya a ɗari da tamanin ya ƙi gaba, sai ya ɗauka zafin rana ne. Ya kashe injin, ya ce a bar shi ya huta sai gobe, ya shiga gida shan pate.

A wurinmu ba a ce wa dattijo bai ji ba. Ko kuskure ya yi a fili, ƙasa za ka kalla, ka nemi hanyar gyarawa a bayan idonsa. Gershon ne ya tsaya wa Asher ranar aurensa, shi ya raɗa wa ɗansa na fari suna. Da wane baki Asher zai ce, Baba, ga abu yana kuka a gaban hancinka? Suka yi shawara a tsaye, suka yi abin da kowane ɗan Kafanchan ke yi wa abin da ke yoyo. Roba. Tsohon tiyub na babur da aka yanka tsiri-tsiri. Da ita muke ɗaure buhun citta a bayan mashin, da ita muke ɗaure famfo, da ƙafar kujera, da alade in za a kai shi kasuwa. Francis ya kwanto tasa daga bayan babur. Suka ɗora guntun katako a kan bawul, suka naɗe shi tamau, suka ƙara da waya, sannan suka rataya tsumman goge inji a kai don kada Baba ya gani. Suka tafi gida suna jin daɗi, sun rufa wa dattijo asiri.

Alhamis da safe na iso da wuri, na ɗaure ɗankwali har kaina yana sarawa. Aka tada inji. Babu tsss. Amma injin yana wani nishi mai nauyi da ban taɓa ji ba, kuma ba a koya mini alamar nishi ba. Na gyara ɗankwali. Na sosa gwiwa. Na miƙe tsaye. Daga baya na haɗa duka ukun lokaci guda, kai ka ce rawar Zumunta nake yi ni kaɗai. Gershon ko kallona bai yi ba, ya riga ya ji abin a tafin ƙafarsa. Ya kai hannu kusa da bututun mataki na biyu ya janye da sauri, ya dubi ƙaramin agogon da ke wurin, hannun agogon ya haye jan layi yana karkarwa. Tsoho mai shekara saba'in da ɗaya ya yi tsalle ɗaya ya kashe injin.

"Kowa baya!"

Muka watse. Ni dai na tsinci kaina a bayan akurkin kaji da takalmi ɗaya, ban san lokacin da na haye buhunan siminti uku ba.

Ya buɗe mafitar iska a hankali har hannuwan agogo duka suka kwanta. Sannan ya ɗaga tsumman. Na san mutumin nan shekara arba'in da ɗoriya, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Wa ya ɗaure bakin bawul?"

Francis ya duƙufa nazarin babban yatsan ƙafarsa.

"Baba," in ji Asher, "ya ɗan yi numfashi ne jiya. Kaɗan-kaɗan. Mun ce kar mu dame ka."

"Jiya? Ina nan?"

"Kana nan, Baba."

"Kun ji?"

"Mun ji, Baba."

Bai tambayi abin da ya hana su faɗa masa ba. Na ga tambayar ta zo bakinsa ta koma. Ya sa wuƙa ya yanke robar, ya warware wayar, ya ɗaga su sama. "Wannan abu da kun ɗaure, shi kaɗai ne ya tsaya tsakanin bututun nan da fuskokinku. Da na ƙara minti biyu..." Bai ƙarasa ba, ya wurga robar kan kwano.

Francis ya ga an ɗan sarara, sai ya ce, "To Baba, a canja bawul ɗin kawai tunda ya lalace. Ina da wani mutum a Kaduna..."

"Wa ya ce maka ya lalace?"

Ya kwance bawul ɗin ya duba ko katakon ya ji masa ciwo, ya mayar. Ya aike ni in kawo sabulu da ruwa a kwano, ni malama mai ritaya, kuma na tafi da gudu don ina da laifi. Ya kaɗa kumfa, ya shafa a kowace mahaɗa da a bakin bawul ɗin da burushi. Ya sa mu ja da baya, ya tada injin, ido ɗaya a kan ƙaramin agogo, ɗaya a kan kumfa. Kumfa ta zauna lafiya, ko motsi. Sai da hannun agogo ya taɓa jan layi, bawul ya buɗe, kumfa ta tashi fuu ta rufe masa gemu da gira. Ya kashe injin ya juyo gare mu fari fat, yana dariya.

"Kun gani? Bai saki iska ba sai da ya kai inda aka ce ya saki. Da shi ne mai ciwo, tun daga ƙasa zai fara zurara. Lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi. Na gaba da shi ne ya ƙi karɓar kaya."

Abin da yake nufi shi ne, mataki na uku ba ya riƙe iskar da aka miƙa masa, yana dawo da ita baya, sai ta taru a na biyu har bawul ya buɗe. Ya shimfiɗa farin zanen yayata na zuwa coci a kan benci, ban ce uffan ba, ya kwance kan mataki na uku ya jera kayan a kai. A ciki akwai ɗan faifan da ke buɗe wa iska hanya ya rufe, bai fi maɓallin riga girma ba. Ya yi baƙi ƙirin da ƙonannen mai, ya ƙi zama daidai a mazauninsa. Wannan ɗan abin ne ya sa na yi tsere da kaji.

Francis, don neman gafara, ya ruga ya kawo kananzir a kwalba wai a wanke faifan. Gershon ya rarumi tsintsiya.

"Kananzir! A iskar da mutum zai shaƙa a gindin rijiya? Ka sha shi a nan mana, ka huta da sauka!"

Suka zagaya rumfar sau biyu, Francis yana "Yi haƙuri Baba," Asher yana dariya yana ɓoyewa a hular kwano. Daga nan Gershon ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, inda yake ajiye kayan canjin da Injiniya ta bari bara, kowanne cikin ledarsa. Ya wanke hannu, ya sa sabon faifai, ya ɗaure notuna ɗaya nan ɗaya can har suka yi daidai. Wajen ƙarfe uku aka sake tada inji. Hannun babban agogo ya wuce ɗari da tamanin ko waiwaye, ɗari biyu, ɗari biyu da hamsin, ɗari uku. Bawul na biyu bai ce komai ba. Ni na fara guɗa. Asher ya ɗaga Francis sama ya juya shi, matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko Miriyam ta sake haihuwa ne.

Gershon bai yi rawa ba. Ya zauna a benci, sifana a cinya. Na tsaya gabansa na ce, "Tsohon Ƙarfe, ka gyara fa, saki fuska."

Ya kalli bakina, ya ce, "Amarya, yaran nan sun kusa mutuwa don kunya na."

Ranar Juma'a Injiniya Catherine ta iso, gajeruwar mace da takalmin aiki mai ƙarfe a baki, ba ta da lokacin dogon gaisuwa. Ta duba filta, ta auna iskar da wani siririn gilashi ta ce tsabtarta ta yi. Ta sa aka cika tukunya a gabanta. Gershon ya miƙa mata tsohon faifan, ya gaya mata yadda ya gano shi da kumfar sabulu. Ta jinjina kai ta ce da wani ne da ya canja bawul na tsaro sau uku kafin ya duba nan. Na ji kaina ya yi girma kamar ni na gano.

Sai ta koma bayansa tana rubutu, ta ce, "Baba, yaushe ka canja mai na ƙarshe?"

Gershon yana goge bututu. Na yi tari.

"Janairu!" in ji Asher.

"Janairu, ma!" in ji Francis.

"Sha biyu ga wata!" in ji wani daga baya.

Injiniya ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta sake tambaya, awa nawa filtar ta yi. Rumfar gaba ɗaya ta amsa kamar 'yan kwaya, ni kuma don ruɗewa na gyara ɗankwali. Gershon ya ɗago ya ga bakunanmu duka suna motsi, idanunmu a bayansa. Ya juya ya ga matar da biro a hannu tana jira. Ya ajiye tsumma, ya cire hula.

"'Yata, bari in gaya maka gaskiya. Ba na ji. Shekara tara ba na ji, matata ne yana ji mini. Shekaranjiya bawul ya yi kuka a gabana ban sani ba, yaran nan suka ɗaure shi da roba don kar in ji kunya. In za ka ɗauki inji ka kai Kauru, ka ɗauka. Ka gaya wa mai karɓa kawai ba ya son zafi, a bar shi ya huta tsakanin tukunya da tukunya."

Ya tsaya riƙe da hular. Na tausaya masa, kuma na ji haushin kaina da na taɓa yi masa dariyar kunne.

Asher ya zagayo ya tsaya inda Baba zai ga bakinsa. "Baba, mun sani fa."

"Kun san me?"

"Tun shekarar farko. Ɗankwali, yoyo. Gwiwa, bel. In Mama ya tashi tsaye, mu ma muna ja baya."

"Har mai kawo mana kunu ya sani," in ji Francis.

Gershon ya juyo ya zuba mini ido. Na ɗaga hannu biyu na rantse ban taɓa faɗa wa kowa ba.

"Anti Doreen kam ya ruɗa mu wannan sati," in ji Francis. "Jiya mun ɗauka ruhu ne ya sauko masa."

Rumfar ta fashe. Injiniya Catherine, wadda shekara tara ba mu taɓa ganin haƙorinta ba, ta yi dariya har ta nemi akwati ta zauna. Gershon ya tsaya da baki buɗe, sannan kafaɗunsa suka fara girgiza, ya rufe fuska da hula.

Da ta samu numfashi ta miƙe ta tsaya a gabansa, ta yi magana a hankali don ya karanta. "Baba, ba kunne na zo dubawa ba. Injin nan ba inda za shi." Ta kafa sharuɗɗa. Kowace safiya a shafa kumfa. Duk wanda ya ji ƙara ya taɓa kafaɗar Baba ya nuna masa wurin, ko da Fasto yake magana. Roba kuwa kada ta ƙara shigowa rumfar nan ko a aljihu. Ta ɗauko abin toshe kunne daga mota ta raba wa kowa, ta ce tun farko ma bai kamata a tsaya kusa da injin nan kunne buɗe ba.

Sai idonta ya faɗa kan inda nake zama. Ta auna da ƙafa daga can zuwa injin. Taku biyu.

"Nan Mama take zama? Shekara tara? Ba komai a kunnenta?"

Dariya ta ɗauke. Kowa ya dubi kujerar.

"A kai ta asibiti a auna," in ji ta.

Na sunkuyar da kai, domin na san abin da ba su sani ba. Shekara biyu ke nan yayata ba ta sa waya a kunnen hagu, kuma a Zumunta ta canja wurin zama ta koma ƙarshen layi. Ta sa ni alkawari kada in faɗa. Gershon kuwa ya karanta bakin Injiniya sarai, ya karanta fuskata. Ya ɗauki kujerar ya kai ta kicin.

Asabar da rana Yemima ta sauka daga mashin da jaka ɗaya da waya cike da hotunan jariri. Tun a ƙofa na tare ta na zazzage mata labarin duka, har da kwaikwayon rawar da na yi. Ta yi dariya har da share hawaye, ta dake ni a kafaɗa ta ce, "Doreen, tela! Tela ka je!" Da na kai wurin da mijinta ya cire hula sai ta zauna a bencin baranda tana tura hotuna da yatsa. Maganar asibiti ban kai gare ta ba, bakina ya yi nauyi.

Gershon ya fito daga rumfa, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ya zo ya tsaya ta hagunta, ya sunkuya, ya yi magana. Wannan karon raɗar gaske ya yi, ban san ya iya ba, amma ina kusa, na ji. Yayata ta ci gaba da kallon hoton jikanta. Ya jira. Ba ta ɗago ba.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zagaya ta bayan bencin ya koma damanta, ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa masu ƙara, ya sake faɗa.

"Yemima, sannu da aiki. Na gode."

Ta kife wayar a cinya. Ta dube shi, ta dubi gefen da ya baro, ta gane.

"Tashi, ƙasa da datti," in ji ta, amma ta riƙe hannunsa ba ta saki ba.